Dajin Yankari Na Jiran Masu Shi

Kowace shekara in Salla ta gabato, ko kuwa in damina ta kawo kai, tashoshin mota na Agege da Mile 12 da Alaba Rago a Ikko, da na Sabo da Shasha a Badun, da na Shagamu da Anacha da Fatakwal, sukan cika maƙil da mutanen Arewa masu haramar tafiya ganin gida. A cikinsu akwai ɗimbin 'yan Jihar Bauchi, akwai kuma na Gombe da Adamawa da Yobe da Barno waɗanda hanyarsu ta ratsa ta tsakiyar birnin Bauchi. Mutum zai yi tafiyar fiye da kilomita dubu, ya sha zaman mota kwana da yini, ya sauka ya ci masa a Wunti, ya yi mako biyu ko uku tare da iyalinsa, sa'an nan ya juyo Kurmi. Amma da za a tsai da motocin nan a bi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya a tambaye su wa ya taɓa sa ƙafarsa cikin Dajin Yankari, da an ga 'yan kaɗan ne za su ɗaga hannu.

Sunan kam kowa ya san shi. Wanda bai shiga motar Yankari Express ba ya gan ta a kan hanya. Masu son ƙwallon ƙafa kuma ba su manta da Wikki Tourists ta Bauchi ba, wadda ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa cikin 1998. To, amma ruwan Wikki ɗin da aka sa wa kulob ɗin sunansa, da dajin da aka rubuta a jikin motar, sun zama sai labari ga yawancin masu su. Baƙi daga Ingila da Jamus da Amurka sun sha ƙetaro teku don su gan shi, ɗalibai daga Ikko da Inugu sun sha yin hayar mota su je, ga ɗan gida kuwa yana wucewa ta bakin mararrabar yana gyangyaɗi. Wannan abin kunya ne, kuma akwai hatsari a cikinsa wanda ya fi kunyar girma.

Tun daga cikin birnin Bauchi abin kallo yake farawa. Malam Yakubu, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin wajen 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. Ruwan sama da masu haƙar ƙasa da masu gine-gine sun cinye yawancinta, sai dai sunayen ƙofofi irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Jahun da Ƙofar Wambai suna nan a bakin mutane. Masu ba da tarihi sun ce daga sunan wani maharbi, Baushe, garin ya samo sunansa, watau tun asali Bauchi da dajinta tare suke. A cikin garin ne kuma kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe cikin Janairu 1966. An buɗe ginin da aka yi a kan kabarin cikin 1979. Mai ziyara yakan bi ta wani dogon lungu mai duhu kafin ya fito cikin haske inda kabarin yake, ba rufi a kansa sai sararin sama, kuma a gefe akwai ɗakin da aka ajiye 'yan kayayyakin marigayin, waɗanda ƙarancinsu kaɗai ya isa wa'azi ga masu riƙe da dukiyar jama'a. Ga fadar Sarkin Bauchi da hawan Salla, ga duwatsun da suka kewaye garin, ga madatsar ruwa ta Gubi wadda birnin ke sha daga gare ta. Wanda ya ƙara nisa kaɗan zai ga zane-zanen mutanen dā a jikin duwatsun Geji da na Shira.

Amma babban abin da ya fitar da sunan Bauchi a duniya shi ne Yankari. Daga cikin gari mutum zai kama hanyar Gombe har Dindima, ya karya dama ya nufi Mainamaji inda babbar ƙofar shiga take, daga nan kuma ya yi tafiyar wajen kilomita 40 cikin daji kafin ya isa sansanin Wikki inda masaukin baƙi yake. Duka duka tafiyar kilomita ɗari ce da 'yan kai. Dajin yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa kuwa murabba'in kilomita 2,244 ne, watau kusan kashi biyu bisa uku na Jihar Ikko baki ɗayanta. Mazauna Ikko da suka taɓa kai yaransu gandun Lekki, inda ake hawa doguwar gadar nan ta igiya ana leƙen birai, sai su auna da wannan: gandun Lekki hekta 78 ne kacal, Yankari kuwa ya ninka shi fiye da sau 2,800.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin cikin 1956, aka kuma buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga Disamba 1962, zamanin Sardauna. Waɗanda suka yi wannan aiki sun yi shi ne a lokacin da namun daji ba su yi ƙarancin da suka yi yanzu ba, lokacin da kura ke kuka a bayan gari, barewa kuma na ratsa gonaki. Da sun ga dama da sun ce ba a bukata. Amma sun hangi abin da ke tafe, suka san cewa jama'a za ta ƙaru, gonaki za su faɗaɗa, bindiga za ta yawaita, in ba a ware wuri ba wata rana jikokinsu sai a littafin makaranta za su ga giwa. Hasashensu kuwa ya tabbata, domin a yau garken giwayen Yankari yana cikin 'yan ƙalilan da suka saura a duk faɗin Nijeriya.

Kogin Gaji shi ne ran dajin. Da rani, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, in ciyawa ta bushe tafkuna suka ƙafe, dabbobi sukan gangaro bakinsa, a nan ne mai ziyara yake ganin giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da mugun dawa, ga dorina da kada cikin ruwa. Tsuntsaye iri-iri da aka ƙidaya a dajin sun haura 350. Gwaggon biri kuwa ba sai an je nemansa ba, shi ne zai zo har ƙofar ɗaki, kuma wanda ya bar taga a buɗe da abinci a ciki ya yi sadaka ba da niyya ba. A gindin wani dutse a nan sansanin ne ruwan Wikki ke ɓuɓɓugowa, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa awo 31 a ma'aunin zafi, dare da rana, rani da damina, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. An ƙiyasta cewa lita miliyan 21 yake fitarwa kowace rana zuwa cikin Gaji. Wanda ya ji ana yabon ruwan ɗumi na Ikogosi a Jihar Ekiti, to, ya sani akwai irinsa a gida wanda mutum zai yi iyo a ciki ya miƙe ƙafa.

Ban da namun daji, akwai tarihin mutane. Akwai kogunan dutse guda 59 da mutanen dā suka sassaƙa suka zauna a ciki, waɗanda ake kira da sunan Marshall, Baturen da ya bayyana su cikin 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey guda 139 waɗanda ke haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai kufan matoyar tama a Shau Shau, inda maƙeran dā suka narka ƙarfe tun kafin a san za a shigo da shi ta jirgin ruwa a Apapa. Yaron da aka haifa a Idi-Araba ko Obalende, wanda abokansa a makaranta ke yi masa gorin cewa ƙasarsu ba kome sai rairayi da bara, yana da hakkin a kai shi ya ga waɗannan da idonsa. Gani ya kori ji.

To, wannan dukiya ba ta zauna lafiya ba. Cikin 1983 annobar bushiya, wadda ta hallaka shanu masu yawa a Arewa, ta shiga dajin ta kashe ɓauna da wasu dabbobi. Cikin 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun ƙasa, cikin 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi bisa roƙonta, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. A shekarar ce aka ƙidaya giwaye daga jirgin sama aka sami 348. Bayan 'yan shekaru masana suka ƙiyasta cewa waɗanda suka saura ba su wuce 100 zuwa 150 ba. Ba ciwo ne ya kashe su ba, masu neman haure ne. Raƙumin dawa da kyarkeci sun riga sun ɓace daga dajin tun tuni. Zaki ma saura ƙiris: binciken da aka bayyana cikin 2014 ya nuna cewa zakokin da suka rage a duk Afirka ta Yamma wajen 400 ne kawai, yawancinsu a dazuzzukan kan iyakar Binin da Burkina Faso da Nijar, a Nijeriya kuwa sai 'yan tsiraru a Yankari da gandun Kainji. Ƙasar da sarakunanta ke amsa kirarin zaki da giwa ta kusa wayuwar gari ba ta da ko ɗaya daga cikinsu.

Gaskiya ne an yi wani yunƙuri. Cikin 2006 ƙasar Namibiya ta ba Jihar Bauchi kyautar dabbobi 279, har da raƙuman dawa da jakunan dawa, aka zuba su a gandun Sumu cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, wurin da shi ma ya cancanci ziyara. Cikin 2014 kuma gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar nan ta Amurka mai kare namun daji, Wildlife Conservation Society, aka ƙara wa masu gadin daji horo da kayan aiki da guzurin sintiri, aka ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya don a riƙa sanin inda garke ya nufa. Ƙungiyar ta ba da rahoton cewa daga watan Mayu 2015 an yi shekaru a jere ba a sami gawar giwar da mafarauta suka harbe ba. Wannan ya nuna cewa ɓarnar ba ƙaddarar da ba ta da magani ba ce. In an biya mai gadi hakkinsa a kan kari, aka ba shi takalmi da abinci da abin kare kansa, zai tsare dajin. Wasu daga cikin waɗannan bayin Allah sun rasa rayukansu a hannun mafarauta, kuma abin takaici ne a ce sai da baƙi suka zo daga wata nahiya kafin a san darajar aikinsu.

Ƙasashen maƙwabta ma sun gwada an gani. A gandun Zakuma na ƙasar Cadi giwaye sun ragu daga wajen 4,000 cikin 2002 zuwa wajen 450 cikin 2010, amma da aka gyara tsaro aka jawo mutanen ƙauyuka cikin aikin, kisan ya tsaya, garken ya koma haihuwa har ya haura 500. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, kusa da Yamai, raƙuman dawa 49 ne suka rage cikin 1996, amma cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, suna kiwo a gefen gonakin talakawa. A Ruwanda kuwa doka ce a ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da masu yawon buɗe ido suka biya a gandayen ƙasar, a yi wa ƙauyukan da ke kewaye aiki da shi. Babu ɗaya daga cikin ƙasashen nan da ta kai Nijeriya arziki.

Wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da kuɗin haya da kuɗin makaranta, wa ke da sukunin zancen giwa? Tambayar tana kan hanya, amsarta kuwa tana Sambisa. Kafin sunan Sambisa ya zama abin tsoro, gandun namun daji ne kamar Yankari, da ma'aikatansa da masu zuwa kallo. Aka yi sakaci da shi, hanyoyinsa suka mutu, masu gadi suka watse, baƙi suka ɗauke ƙafa, sai waɗanda ba su son a gan su suka samu wurin zama. Abin da ya biyo baya, har da sace 'yan matan Chibok cikin 2014, ba sai an tuna wa kowa ba. Gandun Kamuku na ƙasar Birnin Gwari da na Kainji su ma sun ɗanɗana zaman 'yan bindiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin 2025 ma an kai hare-hare a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri kanta, aka yi asarar rayuka. Daji mai faɗin Yankari, mai ruwa rani da damina, in ya zama kufai ba zai daɗe ba mai shi ba. Kuma ran da haka ta faru, Allah ya kiyaye, ba giwa ce kaɗai za ta sha wuya ba. Manomin Duguri da na Pali da na Gwana, da direban da ke bin hanyar Gombe, da ɗan ci-ranin da ke aika kuɗi gida don a yi masa noma, duk abin zai shafe su. Saboda haka kowane mai gadi da ke sintiri, da kowace motar 'yan makaranta da ta shiga ƙofar Mainamaji, wani shinge ne tsakanin mutanen Bauchi da wannan masifa.

Akwai kuma kukan mutanen da ke zaune a bakin dajin, wanda wajibi ne a saurare shi da kunnen basira. Manomin da garken giwa ya shiga gonarsa dare ɗaya ya tattake masara da dawar da zai ci shekara, ba za a zo masa da zancen gādon ƙasa ya ji daɗi ba. Makiyayin da burtali ya toshe masa, gonaki suka cinye makiyaya, yana hangen ciyawa da ruwa a bakin Gaji cikin watan Maris, shi ma yana da abin faɗa. Amma barin shanu su shiga gandu ba mafita ba ce, domin cuta na bin su ta kama namun daji, ta namun daji kuma ta kama su, in zaki ya kashe saniya kuma sai a sa masa guba a mushe, ta kashe shi ta kashe kura da ungulu. Mafita ita ce a biya manomi diyya cikin hanzari ba tare da sai ya san wani a ofis ba, a gyara wa makiyaya wuraren kiwo da mashaya a wajen iyakar gandu, a ɗauki 'ya'yan ƙauyukan aikin gadi da jagora da tuƙi da dafa abinci, a kuma ware musu kaso sananne daga kuɗin ƙofa. Mutumin da ɗansa ke karɓar albashi saboda giwa tana raye ba zai nuna wa maharbi inda ta kwana ba.

Gwamnatin Jihar Bauchi, wadda ke yi wa jiharta kirari da lu'ulu'un yawon buɗe ido, ita ce nauyin ya fi hawa kanta. Gwamna Bala Muhammad, wanda ya hau mulki cikin 2019, ɗan Duguri ne, watau a bakin dajin aka haife shi, ba ya bukatar kowa ya ba shi labarinsa. Abin da ake bukata ba ya da wuyar lissafi: albashi da alawus na masu gadi a kan lokaci, fanshon iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki, gyaran hanyoyin cikin daji kowace shekara bayan damina, motocin kewayawa masu lafiya, ruwa da wuta da tsabta a masauki, da kuma bayyana wa jama'a kowace shekara nawa aka samu a ƙofa, ina kuma aka kai shi. An daɗe ana yin kuskuren zuba kuɗi a gine-ginen da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto, a manta da abin da baƙo ya zo gani. Ɗakin kwana mai sanyi akwai shi a kowane babban gari. Giwa ce babu.

Haka kuma akwai batun man fetur. Cikin 2019 kamfanin mai na ƙasa ya ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, cikin Nuwamba 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin. Ɓangaren Bauchi na wannan wuri yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, inda Yankari yake. Babu mai ƙin arziki ya zo ƙasarsu. Amma 'yan Arewa mazauna Fatakwal da Warri sun ga abin da malalar mai ta yi wa koguna da gonakin mutanen can, sun fi kowa cancantar su yi gargaɗi tun da wuri. Wajibi ne a shata iyaka a rubuce, a hana kowane irin haƙa ko bututu ko sansanin ma'aikata kusantar gandun da magudanan ruwan da ke shayar da shi. Rijiyar mai tana da ranar ƙafewa. Ruwan Wikki kuwa yana gudu tun kafin a kafa Bauchi.

Gwamnatin tarayya ita ma ba za ta ce ta miƙa dajin cikin 2006 ta wanke hannunta ba, domin soja da 'yan sanda da kwastan duk nata ne. Tun 1985 akwai dokar da ta hana fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa, tun 1989 kuma ƙasashen duniya suka haramta cinikin haure tsakaninsu, amma duk da haka tashoshin jiragen ruwan Ikko sun yi ƙaurin suna wajen fitar da shi zuwa ƙasashen Asiya. Cikin Janairu 2024 gwamnati ta niƙe haure tan biyu da rabi a Abuja cikin wanda aka kama. Madalla da wannan, amma niƙa haure ba ya ta da giwar da ta mutu. A kama manyan dillalan, a kai su kotu, a ga hukunci.

Sa'an nan a zo kan mai karatu, domin shi ma yana da rabonsa. Na farko dai ya je. Ba a ce mai gadin gida ko mai shayi ko ɗan dako ya ci bashi don yawon shaƙatawa ba. Amma ga ƙungiyoyin 'yan asalin gari da na 'yan kasuwa da na direbobi, ga majalisun Sarakunan Hausawa a kusan kowane gari na Kudu, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don biki da jana'iza da ɗaukar lauya. Ba zai gagare su ba su shirya mota ɗaya a shekara, lokacin da jama'a suka je gida, a kwashi yara da iyayensu mata a kai su kabarin Tafawa Ɓalewa da safe, a wuce Yankari a kwana ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in mutum ashirin suka raba kuɗin mai abin ya zo da sauƙi. Fataken shanu da na goro da na albasa da masu canjin kuɗi, waɗanda Allah ya buɗa wa, waɗanda wasunsu ke kai iyali Dubai hutu, su ne ya kamata su fara, ga filin jirgin sama a Bauchi ga mai gaggawa. Wanda zai je ya tuntuɓi hukumar gandun tukuna ya ji halin da hanya ke ciki, ya yi tafiyarsa da rana, ya bi umurnin jagora, kada ya sauka daga mota inda aka hana, kada ya ba biri abinci, kada kuma ya bar leda da gwangwani a bakin ruwan da ya tarar da shi fes.

Na biyu, ya janye hannunsa daga cinikin da ke kashe dajin. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a kasuwannin Kudu akwai masu baje fatar damisa da kan ungulu da abin da suke cewa man zaki ne, akwai masu kawo busasshen naman daji cikin buhu a ƙarƙashin kayan gwari, kuma wasu daga cikin masu wannan sana'a 'yan Arewa ne. Kowane ɗan yanki da aka saya a Ikko, wani ne aka aika daji da bindiga ko tarko ko guba. Shugabannin kasuwa da Sarakunan Hausawa suna da bakin da za su hana wannan a cikin jama'arsu, kamar yadda suke hana sayar da kayan sata. Direban da aka ba shi irin wannan kaya shi ma yana da ikon ya ce ba da motarsa ba.

Na uku, ya yi magana. Ɗan ci-rani yana da ƙuri'a, yana da waya, ana kuma jin maganarsa a ƙauyensu saboda shi ke aiko da kuɗin taki. In ɗan takara ya zo neman goyon baya a Agege ko Sabo, kamar yadda suka saba zuwa in zaɓe ya ƙarato, a tambaye shi abin da ya tanada wa Yankari da mutanen da ke kewaye da shi, a kuma riƙe amsarsa.

Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce, kuma babu wanda ya san gaskiyar wannan magana kamar mutumin da ya bar garinsu ya zo Kurmi neman abinci. Kome daɗewarsa, kome dukiyar da ya tara, wata rana gida zai koma, ko da ƙafarsa ko a kafaɗar mutane, 'ya'yansa kuma za su tambayi abin da aka bar musu. Mutanen 1956 sun bar wa na yau daji da ruwa da giwa da zaki. Raƙumin dawa da kyarkeci sun riga sun salwanta a hannun waɗanda suka gāda. Abin da ya saura yana nan da ransa, ana kuma iya cetonsa in gwamnati ta yi nata, masu shi suka yi nasu. Allah ya sa a farga tun da sauran lokaci, amin.